Baba Modu, Wanda Ya Tayar da Kyamarar Mahaifina

Da safen nan ina shirin fita makaranta 'yar Baba Modu, Falmata, ta kira ni. Abin da ta iya cewa kawai: "Anti Rifkatu, Baba ya tafi."

An tare motarsu jiya da yamma a hanyar dawowa daga Konduga. Har yanzu ina zaune da takalmi ƙafa ɗaya.

Waɗanda ba su san shi ba, Baba Modu mai gyaran kyamara ne da agogo a unguwar Dala, nan babban birnin Borno. Shagon nasa ɗan tsukuku ne, mutum biyu suka shiga ya cika.

Na san shi ne ta dalilin kyamarar mahaifina, irin ta da mai cin fim. Lokacin da muka gudo daga garinmu a kudancin Borno, ita kaɗai Mama ta ɗauko daga kayansa, ta naɗe ta a zani. Mahaifinmu bai samu fitowa ba. A hanya lens ɗin, gilashin nan na gaba, ya tsage gida biyu.

Duk inda na kai ta sai a ce, "Malama, wa yake amfani da wannan yanzu? Ba ki da waya ne?"

Baba Modu bai ce haka ba. Ya juya ta, ya danna, ya kasa kunne ya ji ƙararta. Ya ce, "Wushe, sannu 'yata. Lafiyarta ƙalau, ido ne kawai babu. Za mu nema mata."

Irin lens ɗinta na asali babu shi a garin nan. Hanyar Kano kuma a lokacin ba kowa ke son bi ba. Sai wata rana ya aiko in zo. Wani abokinsa ɗan kasuwar kifi ta Baga Road ya samo masa lens daga wajen tafkin da ake kamo kifin, an cuso shi cikin kwalin banda. Har yau in na kai kyamarar kusa da hanci ina jin kifi-kifi.

Matsalar ita ce lens ɗin ƙirar Rasha ne, kyamarar kuma ta Japan. Bakinsu bai zo ɗaya ba. Sai an samu zoben da zai haɗa su.

Wannan zoben ya ba shi wahala. Ya bi 'yan gwangwan, ya tona tsofaffin majigi, ya ɓare wata matacciyar kyamara don ƙananan notina kawai. Da ya rasa, ya kai guntun tagulla wajen masu injin yanka ƙarfe, ya tsaya a kansu har suka fitar. Na farko ya yi kauri, hoto ya fito dishi-dishi. Na biyu ya yi sako-sako. Ya yanko gwangwanin madara siriri ya saka a tsakani, sannan ya zauna daram.

Na taɓa ce masa ya haƙura, ya gaji. Ya ce, "Ke kika gaji. Ni ina jin daɗina."

Ranar da ta tashi, Mama na fara ɗauka. Shi ya wanke fim ɗin a ɗan ɗakin bayan shagonsa, baƙi da fari. Mama ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Kamar babanku ne ya ɗauke ni." Tun fitowarmu ban ga ta ci abinci sosai ba sai ranar.

Daga nan na riƙa ɗaukar maƙwabtanmu da suka gudo ba su fito da ko hoto ɗaya ba. Ni in ɗauka, shi ya wanke.

In dokar hana fita ta kusa, shi zai rufe shago ya raka ni bakin titi, ba ya juyawa sai ya ga na shiga keke. Akwai ranar da aka tsare ni a shingen jami'an tsaro saboda kyamarar. Ya zo da kansa, ya buɗe bayanta, haske ya ƙone fim ɗin, ya nuna musu babu komai. A hanya ya ce, "Fim za mu samu wani. Ke ce babu saya."

Ranar Asabar na gan shi na ƙarshe. Ya ce matar wani abokinsa marigayi, tsohon mai hoto a Konduga, ta aiko ya zo ya kwashe kayan mijinta kafin yara su ba 'yan gwangwan. Yana ta murna, wai akwai zobba da lens cikin akwati, kyamarori da yawa da ke jira a shagonsa za su tashi.

Na ce, "Baba, hanyar nan fa."

Ya ce, "In ban je ba, a kan sikeli za a ɗora su. Sammako zan yi, kafin la'asar ina gida."

Kafin in fita na ɗaga kyamara. Shi da ba ya son a ɗauke shi, ranar ya gyara hula ya tsaya.

Ɗazu Falmata ta sake kira, ta tambaye ni ko ina da hotonsa. Ina da shi. Yana cikin kyamarar, ba a wanke ba, kuma ban san wanda zai wanke shi a garin nan ba.

Allah ya jiƙan Baba Modu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Falmata da mahaifiyarta haƙuri, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Don Allah duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, ya sa shi a addu'a yau. Da sauran waɗanda suke cikin motar.