Takardar Canjin Aiki da Yankan Gero

Shekarun da na yi ina masinja a ofishinmu na Anka, ba a cika ba ni hannu a gaisa ba. Ba kuturta gare ni ba. Ni ke raba takardun canjin wurin aiki, kuma ma'aikata sun yi wa kansu fatawa cewa takardar da ba ta taɓa hannunka ba, ba ta hau kanka ba. Ni da aji huɗu na yi, ban ga wannan a littafi ba, amma masu digiri sun riƙe shi kamar farilla.

Wanda ya fi ba ni wuya wani malamin gona ne da aka mayar Bukkuyum ana gab da girbi. Maigidanmu na ofis ya ba ni ambulan, ya ce in Juma'a ta yi babu sa hannun mutumin a littafina, ni zai tura Gummi in yi gadin sito. Ga ni da iyali, ga tsohuwa.

Ranar farko na tarar da shi bakin kasuwa, ya cusa hannuwa cikin riga, ya gaishe ni da ka kamar mai ciwon wuya. A masallaci ya sauya sahu. Na je gidansu, innarsa ta ce ya fita tun da safe, alhali ga takalmansa nan bakin zaure suna kallona. Na ce, "Inna, ashe ɗan naki ƙafa ƙasa yake yawo yanzu?" Ta ce in bar tsohuwa ta ji da azuminta.

Ran Laraba na bi shi gona. Da ya ga babu wurin ɓuya sai ya faɗi gaskiya: in ya karɓa, dole ya kama aiki can cikin mako, geron nan kuwa tsuntsu da shanun makiyaya za su raba.

"Baba masinja, ba gwamnati nika gudu ba. Bari hatsin ga ya shiga rumbu, in sa maka hannu ko da goma ne."

Na duba gonar, na tuna sito na Gummi. Na tuɓe rigar kaki, na rataye a kan kalgo, na ce ya miƙo wuƙa. Kwana biyu cur, ma'aikacin hukuma guda, ina yankan gero ina ɗaurin dami, ƙaiƙayi ya hana ni sakat. Ranar Juma'a da hantsi ya ɗora littafin bisa dami ya sa hannu, har da ƙawa.

Na ɗauka na huta. Ashe labari ya zaga. Daga kakar nan, duk wanda ya ji ƙishin-ƙishin za a ɗaga shi, ba ya ɓuya kuma. Aike yake yi mini cewa yana gona, in taho da takardar, kuma kada in manta da wuƙata. Wani ma wake ya shuka, ya ce in zo da buhu.