Farin Zanin Gadon Arzika

Arzika yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa nake faɗin abin da zan faɗa. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni Jummai ni ce auta, huɗun da ke tsakaninmu duk sun riga mu gidan gaskiya. A Bilbis aka haife mu, gidan masu gero da dawa da 'yan awaki.

Shi dai tun yana saurayi fartanya ba ta karɓe shi ba. Ya gudu Gusau ya kama aikin boyi a gidan wani Bature mai sayen auduga. Baturen ya tafi da shi Ikko, daga Ikko ya shiga jirgin ruwa na kaya yana wanki da guga. Can sai muka ji wai ya koma wani ƙaton jirgi wanda ba ya ɗaukar kaya, ba ya kai kowa ko'ina, yawo kawai yake yi da masu hali a kan teku. Shekara ashirin da uku yana can, sau uku ya leƙo gida. Da Baba ya rasu, kati ne ya zo ta'aziyya, da hoton jirgi a bayansa.

Ya dawo gaba ɗaya a 1997, shekara guda bayan an ba mu jiha, lokacin da kowa a Gusau yake ɗora bulo. Ya yi furfura, ya yi tumbi, yana tafiya yana buɗe ƙafa kamar ƙasar za ta karkace da shi. Ya sayi fili a Sabon Gari ya kafa gida. Ranar da ya zo Bilbis gaida Inno, mahaifiyarmu, a gaban dangi ya ɗaga hannu ya ce, "Inno ta gama wahala. Ɗaki nake gina mata, mai siminti da silin. A gabana za ta ƙarasa kwananta."

Inno ta kau da kai don kunya. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, "mai jirgi" take ce masa, shi ma sai in ba ya wurin. Amma da yamma na ga ta ciro zanenta na saƙi daga ƙasan kwalla ta kaɗe, ta ce in ajiye mata a sama, da shi za ta shiga mota.

Damina ba ta ƙare ba ɓarin jikinta ya shanye. Na baro ɗakin mijina a Bunguɗu na tare a Bilbis, da cewa wata ɗaya ne ko biyu, kafin ɗaki ya kammalu.

Shi kuwa a Gusau ya buɗe majalisa a ƙofar gidansa, ƙarƙashin dogon yaro, kuma labarinsa guda ne. Wai a jirgin nan akwai tsofaffin Turawa da suka ajiye aiki, suka sayar da gidajensu, suka tare a ciki. Ba su da gari, ba su da maƙwabci. Jirgi ya tsaya, baƙi su sauka, wasu su hau, su suna nan. A ci, a yi rawa, a kwanta, gobe ma haka. Akwai wata tsohuwa da ta shekara goma sha ɗaya a ɗaki mai lamba arba'in da biyu, shi ke kula da ɗakin. 'Ya'yanta uku, ba wanda ya taɓa hawowa ya gan ta. Shi ke yanke mata farce, shi ke taje mata kai. Da ta daina tashi, shi ke juya ta, shi ke kwashe abin da ta ɓata. Ranar da ta cika, hannunta na cikin nasa, aka ɗauke ta aka saka a ɗakin sanyi, bango ɗaya da inda ake ajiye kifi da nama, ta kwana shida a can kafin a iso gaɓa.

In ya kai nan sai ya juya ya tofar da yawu. "Tir da wannan rayuwa," in ji shi. "Ka haifi ɗa, ka ƙare kusa da kifi. Mu dai mun gode Allah da ya yi mu Musulmi, mun san darajar iyaye."

Mutane su girgiza kai, su ce Allah ya saka maka da alheri, Malam Arzika. Ni da kunnena na ji, ina tsaye a zaure da mayafina yana warin fitsarin uwarsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ranar na je ne in tambayi ɗaki. Ya ja ni cikin gida yana murmushi, ya ciro mabuɗi daga aljihu. Ashe an gama tun tuni. Fenti shuɗi, labule, fanka, gado na ƙarfe da katifa mai kauri. A kan katifar ga wani farin zanin gado da ya taho da shi daga jirgi, fari fat, an ja shi an cusa bakinsa ta ko'ina, ko alamar tattara babu. Ya ciro kwabo ya cilla a kai, kwabon ya yi tsalle. Wai haka ake gwada gyaran gado a can, kuma shi ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Kullum da safe yakan buɗe ɗakin ya warware shimfiɗar ya sake yi. Ni kuwa na sha zaman mota, na karkata zan ɗosana a bakin gadon, sai ya riƙe mini hannu.

"A'a Jummai, za ki ɓata."

"To yaushe za a ɗauko ta, Yaya?"

Ya sosa ƙeya. "Kin san ba ta riƙe fitsari. Akwai wata ledar shimfiɗa da muke sawa a ƙasa, sai a Ikko ake samunta. Na ba da saƙo."

Na ce leda ai ga ta nan jibge a kasuwar Tsafe, da ita nake amfani. Ya ce ba irinta ba ce.

Wata goma sha tara na yi ina jinya, ana jiran leda daga Ikko. Baƙo in ya zo gidan, sai an kai shi ya ga ɗakin Inno, an cilla masa kwabo. Har daga Wonaka na ji wata mata tana cewa ɗan wance na Bilbis ya gina wa uwarsa ɗaki kamar na asibitin Turai, Allah ya ba mu irinsa. Na ce amin.

Ba zan yi masa ƙarya ba, yana zuwa. Duk bayan mako biyu, ranar Lahadi, da buhun shinkafa ko gwangwanin madara. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, rabin jikinsa a waje, hankici a hannu wai mura yake yi, ya gaida ta daga nan. Sannan ya koya mini aiki. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, wallahi ya iya.

"Ki riƙa juya ta duk bayan awa biyu, kada bayanta ya yi gyambo. Ki sa hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Ba haka ba, ki tanƙwara gwiwarta tukuna. Yauwa."

Ni kaɗai nake ɗaga ta, ƙuguna yana ƙara, shi yana tsaye da hannayen da suka shekara goma sha ɗaya suna hidimar uwar wasu. Ran nan na ce, "Yaya, shigo ka kama mini ƙafafun mana." Ya ce ai bai dace ɗa namiji ya ga jikin mahaifiyarsa ba. Na ce ƙafa fa na ce. Ya duba agogo ya ce mota za ta tashi.

In ya tafi, Inno takan jira har sai ƙarar takalminsa ta ɓace. Sannan da karkataccen bakinta ta ce, "An gama ɗakin?"

"Saura fenti, Inno."

Wani zuwan in ce saura ƙofa. Na sa wa ɗakin nan ƙofa ta fi sau biyar. Ban sani ba ko ta yarda, ba ta taɓa ƙure ni ba. Sai dai ta ce in duba zanen saƙin, kada gara ta taɓa shi.

Ta cika ranar wata Laraba da hantsi, cikin bazarar 1999, a kan tabarmarta da ledar kasuwar Tsafe, hannunta a cikin nawa. Aka aika Gusau. Kafin azahar sai ga shi, ido jawur, yana kuka na gaske, wannan ban hana masa ba. A hammatarsa akwai wani abu a naɗe cikin jaka. Ya miƙo mini daga bakin ƙofa, nan dai inda ya saba tsayawa.

"A yi mata likkafani da shi. Nata ne."

Na buɗe, farin zanin gadon ne, an goge shi an ninke, kusurwa ta hau kusurwa. Na ɗaga shi zan wurga masa a fuska. Inna Asabe, tsohuwar da ke wankan gawar mata a unguwarmu, ta riƙe mini hannu.

"Fari ne, mai tsarki ne, ɗanta ne ya kawo," in ji ta. "Ba ranar faɗa ba ce, 'yar nan. Kawo almakashi."

Yadin yana da ƙarfi, ya ƙi yaguwa da hannu, sai da muka bi shi da almakashi. Muka yi mata wanka, muka shimfiɗa, muka ɗora ta a kai. Ta rame har ni kaɗai na ɗaga ta. Ko ɗigo ba ta ɓata masa ba.

Da na fito kiran maza su ɗauka, yana nan a bakin ƙofa. Ya ce da ni a hankali, "Jummai, ya ishe ta?"

"Ya ishe ta, Yaya, har da saura."

Na damƙa masa ƙyallen da ya rage, na koma ciki na sauko da zanen saƙin, da shi muka rufe makara.