Lambar da Yaya Braimah Ya Haddace

A wani shagon atamfa a Stratford Road nake kallon mai shagon: dattijuwa, tabarau a kan hanci, lalle ya fara gogewa a yatsunta. Ma'aikacin kamfanin waya yana durƙushe yana cire tsohon layin jan ƙarfe, za a mayar da wayar shagon kan intanet. Ita kuwa ta rungume wayar tebur a ƙirjinta.

"Nusrat, gaya masa ya canza komai, ban da lambar," take ce wa 'yarta. "Ita kaɗai Yaya Braimah ya haddace."

Ina zaton a Kumasi yake, tsoho ne, duk Juma'a sai ya kira.

Wallahi ƙyashinta nake yi. Wayata ta fi tata tsada nesa ba kusa ba, amma ko mijina, in cajin wayarsa ya ƙare, bai san lambata ba.