Malam Ya Ɓoye Mini Tandun Kwalli

Ku gafarce ni jama'a, ba halina ba ne damun mutane, amma yau abin ya kai maƙura.

Kwana tara ke nan da aka cire mini yanar ido, aka dasa ɗan gilashi a ciki. Alhamdulillahi, har zaren allura nake gani. Sai dai likita ya ce in ina son idon ya warke garau, ban da hayaƙin murhu, ban da kwalli, sai ya sake duba ni.

Ga sunan jikata jibi a Rikoto. Na nemi tandun kwallina sama ko ƙasa, babu.

Na ce wa maigidana, "Malam, tsakaninka da Allah, kai ka ɗauke?"

Ya ce, "Ni ne."

"Haba Malam, in shiga cikin mata ido fari fat?"

Ya ce, "Hajiya, shekara biyu kina zizara shi har kan kunci saboda ba ki gani, waye ya kore ki daga biki?"

Ashe haka nake yawo, ba wanda ya faɗa mini!

Na haƙura da kwallin, idona ya fi. Amma in tafi haka, ko in sa baƙin tabarau kamar matar soja? Don Allah ku amsa mini kafin jibi.