Garin Zogalen da Ya Ƙi Maimaituwa

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma na bar turmi a tsakar gida na shiga sallar la'asar. Na san lokacin ne don na rubuta shi a kaye, littafin rubutuna, kamar yadda nake rubuta komi.

A turmin akwai garin zogale, garam ɗari biyu, wanda na shanya a inuwa kwana tara. Shi ne aikina na ƙarshe a jami'a: a dafa ganye, a tace, a ɗiga ruwan cikin ruwan azurfa. In ya koma ruwan ƙasa, azurfar ta zama ƙwayoyin da ido ba ya gani, masu kashe ƙwayoyin cutar da ke ɓata miki.

Da na fito, ragonmu na atishawa, Goggo, yayar babana, na shara inda babu datti. Na auna garin. Garam ɗari biyu da shida. Na rubuta: "Wataƙila laima."

A labo, ɗakin gwaje-gwajen jami'armu a Maraɗi, nawa ya rine kafin na kowa. A farantin gwaji ya share ƙwayoyin cuta fes. Malaminmu ya cire tabarau ya ce in sake, don abin da bai maimaitu ba, ba ya shiga takardar kammalawa.

Sau bakwai na sake da sabon zogale. Ko kusa. Saura sati uku in miƙa takardar.

Na koma gida Dakoro. Na ɗebi ganyen bishiyar zogalenmu ta gabas da ta yamma. Na auna zurfin turmi. Na zauna ina kallon rago, shi ma yana kallona. Goggo kuwa, kwana biyu ina bin ta da kaye a hannu, in na buɗe baki sai in ce mata sannu da aiki.

A shafi na sha ɗaya na ga abin da na rubuta ranar tacewar farko: "Yatsuna sun yi ja, sun ƙi wankuwa."

Na sami Goggo tana tsince wake.

"Goggo, ranar nan... an taɓa turmina?"

"Wa zai taɓa miki? Gidan nan har kaji tsoron kayenki suke."

Na nuna mata shafin, ko da yake ba ta karatu. Ta daɗe tana dubawa.

"Rago ne ya sa kai. Na ce ɗiyar nan in ta gani kuka za ta yi, marar sauti, mai tada hankali. Sai na cika miki da lallena. Kore ne, kore ne."

Na gyara riƙon biro.

"Goggo, don Allah, garam nawa?"

"Garam mi? Zubawa na yi ta yi har na ji kin sallame."