Zarto Na Hannu

Shekara talatin Jafaru ya yi yana jan mota tsakanin Daura da Baure, har ido ya gaza ya ajiye. To, wanda ya saba da hanya ina zai iya zama? Sai ya mayar da zauren gidansa wurin kafinta: yau benci, gobe akurkin kaji, jibi ya ɓalle ƙofar da take lafiya ƙalau don kawai ya sake ta.

Matarsa Shatu kuwa gwiwa ta matsa mata, a kan kifaffen turmi take zama ta yi salla. Abin yana cin ransa. Ya yi mata alkawarin kujera mai majingina kafin azumi, har ya sayo katako. Sai kafaɗarsa ta dama ta ƙi. Ja biyar da zarto, ya dafe ta yana salati. Dole sai mai inji.

Nan fa ruwan ido ya kama shi. Mako uku bawan Allahn nan yana zarya a shagunan kayan aiki. Zarto mai faifai yana yanka a miƙe, amma ba ya bin lanƙwasa. Mai siririn baki yana bin lanƙwasa, sai dai katako mai kauri ya fi ƙarfinsa. Mai igiya sai an kawo wuta, mai batir kuma ba a maganar tsada. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya kai ƙofar gida ya juyo. Masu shago har suka daina miƙewa in sun hango shi.

Saura kwana huɗu azumi ya tsayar da shawara: mai faifai, wanda wani ya taɓa aiki da shi, zai fi sauƙi. Ya kira ƙaninsa Maharazu da ke kasuwanci a Kongolam ya ce, "Zarto za ka samo min, na hannu, mai kyau. Ka ba direba." Shi a ganinsa ya gama bayani, don ya daɗe da zancen inji a rai har ya ɗauka kowa ya sani.

Bayan kwana biyu saƙo ya iso, siriri, a naɗe cikin buhu. Zarto ne na ja da hannu, sabo fil. Jafaru ya buga wa Maharazu waya yana huci.

"Yaya, ai na hannu ka ce," in ji Maharazu.

Jafaru ya rasa wanda zai yi wa faɗa. Ya zauna a ƙasa, kunya da takaici suka rufe shi. Can sai ga Shatu tana dafa bango. Ta dubi zarton, ta dube shi, ta ce ya ɗora katakon a kan benci. Ta lallaɓa ta zauna a kai.

"Malam, ja da hagu," ta ce. "Ni zan danne maka."

Yankan ya fita a karkace. Amma Jafaru bai tsaya ba.