Shinkafar Tailan, Maganin Gwiwa

A shekarun nan da kwanon masara ya koma sai dai ka gaishe shi daga nesa, wani taubashina, ɗan kawuna, ya dawo daga Tailan ya buɗe gidan abinci a ƙauyenmu. Na san ba za ku yarda ba. Mu ma da muke garin sai da muka yi sati muna zagaya rumfar kafin muka yarda.

Shekara bakwai ya yi a can yana ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kwalayen takalma, da abin ya ƙi kuma ya koma wanke kwanuka a wani gidan abinci. Ya dawo da jaka ɗaya, da wani kasko mai zurfi kamar hular kwano, da sabuwar gaisuwa: sai ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji ya rusuna. Duk dattijon da ya yi wa haka sai ya ce ya yafe masa, bai ma san laifin ba.

Rumfar tana bakin titin Bagwai, tsakanin mai faci da injin niƙa. Tebur biyu, kujerun roba, da buhun shinkafa 'yar Tailan mai hoton giwa da ya rataye a ƙofa. Shinkafar kuwa ta fadamar bayan garinmu ce, tunda an rufe boda. Juye ta yake a buhun giwar ta yi kwana biyu, wai ta ɗauki tarbiyya. Miyar kuma ban taɓa ganin taron dangi irinta ba: madarar kwakwa, lemun tsami, gyaɗa, sukari, ciyawar nan mai ƙamshi da ake sa wa shayi, da barkonon da zai tayar da injin ban ruwa. Akwai kuma wani ruwan kifi da ya haɗa da kansa, ƙananan kifin dam da gishiri a jarka, aka toshe wata uku. Ranar da ya buɗe jarkar, ƙudajen Tofa da na Rimin Gado duk sai da suka zo zumunci.

Amma ba warin ne ya hana shi ciniki ba. A wajenmu magidanci ba ya zama a garinsu ya sayi abinci ya ci a idon jama'a. Ana ganinka an gama magana: gidan wane ba a ɗora tukunya. A shekarar da rabin gari da gaske ba a ɗorawa kuwa, nan ne kowa ya fi kiyayewa. Ga kuma bismillah. Duk wanda ya gifta kana ci dole ka yi masa tayi, a lokacin kuma an daina cewa an ƙoshi. Ni na gwada sau ɗaya, don direba ne ni, ba ni da kunyar ci a titi. Faranti ɗaya, mu goma sha ɗaya muka cinye, har da wani da ya diro daga mota tana tafiya. Rabona shi ne yankin lemun tsami.

To, ina da Baffa, yayan mahaifina, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Manomi ne da a da ake auna damina da rumbunsa. A shekarar taki ya gagara, ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, ga jikoki cike da gida. Amma kullum bayan azahar sai ka gan shi a majalisa da tsinke a baki yana sakace, kamar wanda ya tashi daga kan rago. Matarsa, Inna, ce ta ja ni gefe ta gaya mini gaskiya. Akushinsa yadda aka kai haka yake dawowa, ya ce ya ci a waje, a ba yara. Kwana uku ke nan ba ta ga ya sa komai a cikinsa ba sai ruwa da goro.

Na sayi buhun masara na aika. Kafin in juya mota buhun ya riga ni zuwa gida, an ɗora masa ƙwaryar gyaɗa a kai, da saƙon cewa in ina cikin matsi in daina ɓoyewa, in zo in faɗa. Mutumin da hularsa ta fara yi masa yawa shi ke tausaya mini.

Abu ɗaya Baffa yake yarda yana damunsa, gwiwa. Wannan kam kowa ya sani, don ciwon gwiwa ba abin kunya ba ne, shaidar noma ce. Sai na je wajen taubashina na ce masa daga yau shi ba mai abinci ba ne, mai magani ne. Ya fusata, ya ce shekara bakwai ya yi yana kallon hannun gwanaye, ba zai ƙare a boka ba. Na tambaye shi mutum nawa suka ci abincinsa tun safe. Ya ce in kawo mara lafiyar.

Na sami Baffa na ce ai mutanen Tailan ba su san ciwon gwiwa ba, tsohonsu ɗan shekara ɗari yana hawa bishiyar kwakwa da gudu ya sauko da ka. Sirrin wani haɗi ne, kuma yana da ƙa'ida: da zafinsa ake sha, a inda aka haɗa, a kan kujera, kuma ba a ragewa. Ya dube ni ya daɗe, ya ce tun ina yaro bakina ya fi ƙafata sauri. Amma ya ɗauki sandarsa.

Muka isa rana tsaka. Taubashina ya haɗa hannu ya rusuna, Baffa ya yafe masa. Ya zaunar da shi, ya ɗan matsa gwiwar hagu da ta dama yana girgiza kai kamar wanda ya ga abin da ya fi ƙarfin asibiti, sannan ya shiga bayan labule. Muka ji kasko ya yi ƙara, wuta ta tashi har ta lashi rufin kwano. Sai ga faranti: tulin shinkafa, miya fara-fara mai ja a sama, naman kaza, dakakkiyar gyaɗa, ƙwai soyayye a kai kamar hula. Ya ajiye cokali da cokali mai yatsu.

Baffa ya leƙa farantin ya ce, “Wannan maganin naku ya yi kama da shinkafa.”

“Mahaɗi ce, Baffa,” in ji taubashina. “Maganin yana da ƙarfi, in ba a sa masa shinkafa ba sai ya huda ciki.”

“Kazar fa?”

“Ƙafarta ce. Gwiwa ake nema.”

Baffa ya ture cokulan gefe, ya wanke hannu, ya kai loma. Na ga idonsa ya kawo ruwa, gumi ya keto daga ƙarƙashin hula. Ya ce wane marar tsoron Allah ne ya zuba sukari a miya, kuma me ya mutu a cikinta. Muka ce ai magani ba ya daɗi. Ya yarda da wannan, ya kai ta biyu. Ganin yadda yake kai lomar, sai na juya ina karanta buhun giwa kamar na iya rubutun.

Ana cikin haka sai ga dillalin awakin garinmu. Wannan mutumin yana jin ƙarar murfin tukunya daga gari uku, shi ne ma ya fara sa hannu a farantina wancan karon. Ya yi sallama ya tsaya, idonsa a kan ƙwai. Mai faci ya ajiye taya, masu jiran niƙa suka juyo. Shekara saba'in Baffa bai taɓa cin abu a gaban mutum bai yi tayi ba. In ya ce bismillah, to abinci ne, ya tabbata a gaban kowa cewa yunwa ta fito da shi daga gida, kuma na san a nan zai tsame hannu ya bar wa dillali. In kuma bai ce ba, ya zama marowaci. Na ga leɓensa ya haɗu zai fito da harafin farko.

Sai ya haɗiye, ya dubi dillalin ya ce, “Malam, ya gwiwarka?”

Wallahi mutumin nan da ƙafarsa lafiya ya zo, a guje ma. Amma nan take ya dafa tebur ya ce ai kwana biyu ba ya iya ruku'u sai da dabara. Ya ɗingisa zuwa ɗaya kujerar, yana mantawa yana sauya ƙafa. Baffa ya ce Allah ya sawwaƙe, a haɗa masa nasa, don magani ba a tarayya. Ya sunkuya ya ci gaba, bai ɗago ba sai da farantin nan ya koma kamar an wanke, ya tsotse ƙashi, ya matse lemun tsamin a baki.

Kafin sati ya zagayo rabin magidantan garinmu ɗingishi suke. Mutum zai taho garau daga gona, yana hango buhun giwa sai ƙafa ta riƙe. Wanda ya sayar da akuya ya zo, wanda ɗansa ya aiko daga birni ya zo, kowa da kujerarsa, ba mai yi wa wani tayi, sai dai sannu da jiki. Wani baƙo da ya sauka a motata ya tambaye ni ko rijiyarmu ce take da matsala. Taubashina ya ƙara tebur, amma har yau bai yafe mini ba, don ko sau ɗaya ba wanda ya ce abincinsa ya yi daɗi. Sai dai a ce yana da hannu.

Amma bari in koma ranar. Da muka fito muka bi ta cikin gonaki, Baffa yana gaba ina baya, ya saɓa sandar a kafaɗa ya manta da aikinta. Muka wuce kukar bakin gari. Can ya tsaya yana duban karan geronsa da ya bushe a tsaye, bai juyo ba ya ce:

“Kai, wannan ciwon fa gado ne.”

Na ce haka ne, Baffa.

“Na lura yaran gidan nan ma sun fara ɗingishi. Har Innarku. Ka tambayi ɗan uwan naka ko akwai ɗanye, wanda za a riƙa haɗawa a gida.”

Na ce akwai, amma a buhu yake zuwa, kuma wani lokacin yana kama da masara. Ya ce shi ba ruwansa da kamanni, ba shi ya karanci abin ba.

Da la'asar na je na kwance buhun giwar daga ƙofar rumfa, taubashina yana zagina, na juye masarar nan da aka dawo mini da ita a ciki, na ɗaura a bayan mota na sauke a zauren Baffa. Na koma gida na zauna a ƙofa ina jira in ga ko za ta sake riga ni. Ba ta dawo ba. Ƙwaryar gyaɗar ce dai ya aiko a karɓo masa, wai ta shuka ce.